Kwanon salla: zaƙin da ake dakawa cikin gida

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, dare yakan sake murya cikin tsofaffin unguwanni. A Birni da Zango na Damagaram, a Bagalam da Mokoyo na Maraɗi, ana saukowa daga asham sai lugude ya tashi bayan katanga, ƙamshin man gyaɗa da na kanumfari ya cika lungu. Maigida yana lissafin shadda da kuɗin tela, uwargida kuwa tana nata lissafin: tiya nawa ta shinkafa za a jiƙa, kwalba nawa ta zuma za ta isa, gida nawa kwano zai shiga ranar salla. Wanga lissafi na biyu ba a rubuta shi ga takarda, amma shi ke riƙe da zumuntar dangi daga salla zuwa salla, kuma shi ne kwalin biskit da ledar minti ke neman turewa a yau.

Nakiya, alkaki da ƴan uwansu

Uwar kayan zaƙi ita ce nakiya. Ana wanke shinkafa a jiƙa ta, a tsane, a daka ta tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono har ta zama gari. Sa'an nan a zuba garin cikin tukunya bisa wuta marar ƙarfi, a yi ta juyawa har ya yi ƙamshi ba tare da ya ƙone ba. Daga nan aiki ya koma turmi: a zuba zuma ko dafaffen sukari, a kawo soyayyen man shanu, a yi ta kirɓa har ta haɗe ta yi santsi, kana a dunƙula. Aikin ya fi ƙarfin mace ɗaya, don haka maƙwabta biyu ko uku ke karɓa-karɓar taɓarya, yau gidan wagga, gobe gidan waccan. Nakiyar da aka yi da kyau tana wata da watanni cikin kwano ba ta lalace ba, ba ta neman firigo balle kuran. Shi ya sa ta zama guzurin matafiyi, kuma take kan gaba cikin garar amarya.

Alkaki shi kuma haƙuri yake so. Alkama ce ake ɓarzawa, a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami, a rufe ta kwana. Washegari a sa ruwan kanwa ya kashe tsamin, a murza kwaɓin kamar igiya, a naɗe shi, a soya cikin man da bai yi zafi ƙwarai ba domin ciki ya soyu, sa'an nan a tsoma shi cikin zuma tun da zafinsa. Gwana ana gane ta lokacin da aka karya alkakinta: zuma ta ratsa har tsakiya, bai yi tauri ba, bai kuma ruguje a hannu ba. Wadda ta yi gaggawar wuta, nata yakan yi ja daga waje, ciki ɗanye.

Gidan da bai iya zuma da man shanu ba, shi ma yana da nasa. Dakuwa aya ce ko gero da gyaɗa, a soya kowane daban, a kirɓa su da sukari da yaji da ɗan gishiri. Kantu kuwa soyayyen riɗi ne da ake juyewa cikin narkakken sukari, a shimfiɗa, a yanka kafin ya huce. Duk abin da waɗannan ke bukata yana tsirowa cikin ƙasa. Jahar Maraɗi ce kan gaba wajen noman aya, riɗi da gyaɗa suna ko'ina kudu, rake yana fadamun Magarya da Matamai, shinkafa tana bakin kogi daga Tilaberi zuwa Gaya, alkama kuma ana noma ta da sanyi a lambunan Agadas, a filayen ban ruwa na Ƙonni da bakin Komadugu.

Daga baya ne baƙi suka shigo, suka kuma samu karɓuwa: dubulan, cincin, alawar madara, tuwon madara da gullisuwa. Suna da daɗi, suna da kyan gani, yara suna son su. Sai dai jarinsu fulawa ce da farin sukari da madarar gari, kayan da kusan dukansu sai sun biyo ta duwan kafin su kai madafa. Abin mamaki, ƙasar da ke da garken shanu da raƙuma ta kowace kusurwa, alawar madararta da madarar gwangwani ake yin ta.

Hanyar da kwano ke bi

Ranar salla, ana saukowa daga idi, sai yara su fito da sabbin tufafi, ƴan mata da lalle da kitso, kowa da kwano bisa kai an rufe da faifai. Rabon yana da tsari wanda kowace uwargida ta sani ba tare da an gaya mata ba. Surukai ne farko, iyayen miji da na mata, sa'an nan gwaggo da kawu da baba, malamin unguwa, maƙwabta, tsohuwar da ba ta da kowa, da ma'aikacin da aiki ya kawo garin bai zo da iyali ba. Inda akwai maƙwabta Kirista su ma ana kai musu, su kuma su rama ranar Kirsimeti. Yaron da ya kai kwano ba ya fitowa hannu wofi, domin yaba kyauta tukuici: dala biyar, dala goma, wani gida har dala ashirin.

Kwanon nan saƙo ne. Yawan alkakin da ke ciki da irin faifan da aka rufe shi suna gaya wa mai karɓa matsayinsa. Idan matan wa da ƙane sun yi wata uku ba su gaisa ba, sau da yawa kwanon salla ke kashe gabar, don kuwa wadda aka aika wa ba ta iya maida shi yadda ya zo, kuma tilas ta aiko da nata. Idan kuwa salla ta wuce kwano bai shiga gidan da ya saba shiga ba, kafin la'asar an fara tambaya ko lafiya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ranar salla a ƙafar yara take, da kwano bisa kai.

Sallar layya ma haka take, ko da yake nama ne sarkinta. Raguna suna yini a tsire jikin itace kewaye da wuta, washegari a yi rabo. Bayan rabo mata su zauna ga suya da dambun nama, a ƙulla wa ɗalibin da ke Yamai nasa, a ƙulla wa ɗan kasuwar da salla ta riska a Legas ko Kwatano nasa, a cusa dunƙulen nakiya a gefe, a kai tasha a ba direba amana.

Marufi da abin hannu

Kyautar salla ba ta tsaya ga abin baki ba. Faifan da ke rufe kwano shi kansa aikin hannu ne: kaba ake tsagawa, a rina ta ja da baƙi da kore, a yi ta naɗawa da basilla daga tsakiya zuwa baki, kwana da kwanaki. Tsohuwar da ba ta da kuɗin goro tana iya saƙa wa jikanyarta faifai ko mafici, kyautar kuma ta fi ƙarfin raini. Tabarmar Madawa ta yi suna har wajen ƙasa, haka tukwanen Miriya. Dukawan Damagaram suna ɗinka alabe da jaka da takalma da matashin fata, ga kuma gafaka don yaron da ya kusa sauka. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda masu jima suka daɗe da sanin laushinta da ƙwarinta, tana cikin abin da ya ɗaga darajar wanga aiki.

Cikin ɗaki kuwa, mata suna ɗinkin hula da zare da allura, wata hular ta ci wata guda kafin a gama, a wanke ta, a buge, a ba miji ko ƙane ya hau idi da ita. Matan Difa da na Damagaram suna haɗa turaren wuta da humra, a zuba a kwalba a aika wa amarya ko mai jego. Yara ma ba a bar su baya ba: ƴar tsana ta kara da ƙyalle, mota ta waya da gwangwani. Wanda ya taɓa ganin wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon manya da kayan da suka ƙera da karan dawa da na hatsi, ya san iyakar abin da hannun yaro ke iya fitarwa daga abin da ake zubarwa.

Yau kwanon roba mai murfi ya rage wa faifai aiki, leda ta rage wa kwano. Dokar da aka kafa a 2014 ta hana shigo da baƙar leda marar kauri da sayar da ita, amma duk wanda ya bi lungu kashegarin salla ya ga inda ledar ta kwana.

Ranar da sefa ta faɗi

Ma'aikata da ƴan kasuwar da suka manyanta ba su manta 12 ga Janairu 1994 ba. Ran nan aka karya darajar sefa da rabi: tamma guda ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma sefa 100. Abin ya faɗo wata guda kafin azumi, a lokacin da albashi ke maƙalewa wata da watanni. Sukari da fulawa da madara suka yi tsalle, kwalin sukarin da aka saba kai wa surukai da azumi ya zama abin tunani. A gidaje da dama turmi ne ya rufa asiri. Matan da suka iya dakuwa da kantu da alawar gyaɗa sun fidda kwanon salla da abin da ke rumbu, wasu ma suka ɗora wa yara tire, ribar ta sayi cefane har albashi ya fito.

Darasin ya sake dawowa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kasuwannin Maraɗi da Ƙonni suka ji a jikinsu. Daga 30 ga Yuli 2023 zuwa 24 ga Fabrairu 2024 kuma takunkumin CEDEAO ya datse hanyoyi, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso, kuɗin kamiyo ya hau kan kowane buhu. Kowane karo abu guda aka gani: zaƙin da ke jiran jirgin ruwa shi ke fara tsada, wanda ke jiran damina kuwa yana nan kusa. Guntun gatarinka, in ji masu magana, ya fi sari ka ba ni.

Gyaɗa ma shaida ce. A shekarun 1960 ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, har aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975 suka karya wannan ciniki. Manyan ɗakunan ajiya sun yi shiru, amma matan da ke matsar mai da toya ƙuli-ƙuli cikin gida ba su aje ludayi ba, kuma da mansu ake soya alkaki har gobe.

Abin da ke hannun maigida

Barazanar da ta fi rufe iyaka ita ce yankewar koyo. Nakiya ba a koyon ta daga takarda. Sai an zauna kusa da turmi an ga lokacin da gari ya soyu, an ji da hannu lokacin da kirɓi ya kai. Ɗiyar da ke lakwal daga safe zuwa marece, da uwar da ke biro ko kasuwa, ba kullum suke samun wanga zama ba, kuma ba laifinsu ba ne. Amma duk gwanar da ta rasu ba ta bar magajiya ba, ta tafi da ma'auninta. Gidaje da yawa a Yamai sun koma ba da kuɗi a yi musu, abin da ya buɗe wa wasu mata sana'a mai kyau, har suna kai kayansu bajekolin SAFEM da aka fara a shekarar 2000. Wannan hanya ce mai amfani, muddin mai saye ya biya aikin daidai wahalarsa, bai taya alkakin kwana biyu da farashin biskit ba.

Ɗan kasuwa yana da abin yi. Shagon da ke jera biskit na ƙetare yana da wurin da zai jera nakiya da kantu cikin marufi mai tsabta, da faifai da alabe kusa da su, kuɗin kuma ya tsaya Tasawa ko Miriya maimakon ya ƙetare teku. Ma'aikaci shi ma yana da nasa. Cikin jikkunan da yake ware wa salla, idan ya fidda kaɗan ya sayi tiyar shinkafa da kwalbar zuma ya aje gaban tsohuwar gida, ya kuma bar ɗiyarsa ta kwana biyu kusa da ita cikin hutu, ya sayi abin da ba a sayarwa a kanti. Sau nawa salla ta wuce ta bar wawa da bashin shadda, alhali kwanon da zai faranta ran gida goma bai kai kuɗin ɗinki guda ba?

Da tsohuwar zuma ake magani. Muddin ana jin lugude cikin goman ƙarshe, to akwai gidan da yara za su shiga da sallama, a sa musu albarka, a aiko da gaisuwa. Allah ya maimaita, ya kuma bar zumunci.