Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya ta Jirgin Sama Tsakanin Landan da Frankfurt

Hanyar jiragen sama da ta haɗa Landan da Frankfurt tana daga cikin hanyoyin da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki suka fi bi a Turai, domin biranen biyu manyan cibiyoyin hada-hadar kuɗi ne. A Frankfurt ne hedkwatar Babban Bankin Turai take tun kafa shi a 1998, kuma birnin ya yi suna wajen baje kolin kayayyaki na duniya.

Nisan da ke tsakanin filin jirgin Heathrow da na Frankfurt ya kai kimanin kilomita 650. Jiragen fasinja na zamani kan yi gudun kilomita 800 ko fiye a awa ɗaya, saboda haka a lissafi tafiyar ba za ta cika awa ɗaya ba. Amma kamfanonin Lufthansa da British Airways kan rubuta wajen awa ɗaya da minti 40 a jadawalinsu. Dalili kuwa shi ne ana fara ƙidaya ne daga lokacin da jirgi ya bar wurin ɗaukar fasinja. Jiran layin tashi, da hawa sama, da rage gudu don sauka duk suna ciki. Heathrow titin jirgi biyu kacal gare shi, don haka jiragen da ke shigowa kan yi ta shawagi kafin a ba su izinin sauka.

Wani abin da ke rikita matafiya shi ne bambancin agogo. Jamus tana gaban Birtaniya da awa ɗaya. Wanda ya tashi daga Landan ƙarfe 8 na safe zai sauka wajen ƙarfe 10 da minti 40 agogon Jamus, a dawowa kuwa sai ya ga kamar minti 40 kawai ya yi a hanya. Agogon Nijeriya yana daidai da na Jamus a lokacin hunturu, yana kuma daidai da na Birtaniya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

Ya kamata mai shirya ganawar kasuwanci ya ƙara lokacin bincike da na shige da fice. Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, don haka bizarta ba ta shigar da mutum Jamus. Tun 2011 an hana tashi da saukar jirage a Frankfurt daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, wanda ke nufin jinkirin jirgin ƙarshe na iya jawo kwana a hanya.

Haka kuma a lura da sunan filin da ke jikin tikiti. Babban filin Frankfurt kilomita 12 ne daga tsakiyar gari, amma na Frankfurt-Hahn, inda jirage masu araha ke sauka, yana da nisan kusan kilomita 120. Rarar kuɗin tikiti na iya ƙarewa a kuɗin mota da ɓata lokaci.