Ranar Wuya, Me Maƙwabci Ya Yi?

Duk wanda ya ratsa Sabon Gari bayan sallar isha'i ya san abin da samarinmu ke kallo: ƙwallon Turai, finafinan Indiya da aka juya da Hausa, da kuma na Kano. Da wuya ka ji wani ya nemi fim ɗin ƙasar Polonya. Alhali kuwa masu shirya fim na wannan ƙasa sun shafe shekara fiye da 70 suna juya wata tambaya wadda ta shafe mu a nan Maraɗi: ranar da aka zo kama mutum, me maƙwabcinsa ya yi?

Kafin sojojin Hitila su afka wa Polonya ran 1 ga Satumba 1939, Yahudawa sama da miliyan 3 ke zaune a ƙasar, wato kusan mutum ɗaya cikin goma. Tela ne, ɗan tireda ne, likita ne, ƙofa da ƙofa da Kirista. A Nuwamba 1940 Jamusawa suka killace fiye da mutum 400.000 bayan katanga a birnin Warso. Da yaƙi ya ƙare a 1945, kimanin miliyan 3 sun halaka.

Finafinan farko sun duƙufa ne kan zaluncin baƙo. A 1948 Wanda Jakubowska, wadda ita kanta ta sha ɗauri a sansanin Auschwitz, ta fitar da Ostatni etap, wato «Zango na Ƙarshe», wanda ta ɗauka a cikin sansanin. A 1990 Andrzej Wajda ya shirya Korczak, labarin likitan nan mai riƙon marayu wajen 200, wanda a watan Agusta 1942 ya ƙi rabuwa da su, ya shiga jirgin ƙasa tare da su zuwa Treblinka inda aka kashe su duka.

Daga baya ne aka juyo da madubi gida. A 2011 Agnieszka Holland ta kawo labarin Leopold Socha, ma'aikacin lambatu a birnin Lwow, wanda ya ɓoye Yahudawa wata 14 a magudanar ƙarƙashin ƙasa. Da fari don kuɗi ya yi. Da kuɗinsu ya ƙare bai tona su ba, ko da yake hukuncin Jamusawa a kan mai ɓoye Bayahude shi ne kisa. A 2012 sai ga Pokłosie, ma'ana kala, abin da ake tsinta a gona bayan girbi. Tushensa abin da ya auku a ƙauyen Jedwabne ran 10 ga Yuli 1941, inda mutanen gari suka ƙone maƙwabtansu Yahudawa, aƙalla 340, galibinsu a cikin wata rumfar hatsi. Fim ɗin ya tada ƙura, har aka riƙa zagin babban ɗan wasansa da cewa ya ci amanar ƙasa. Shi kuma Ida, na Paweł Pawlikowski, wanda ya ci kyautar Oskar a 2015, ya nuna manomin da ya ɓoye wani iyali, daga bisani ɗansa ya kashe su ya gaje gidan.

Wani zai ce, ina ruwan Bamaraɗe da wannan, ga abin da ake yi wa Falasɗinawa? Amsa ita ce, marayun Korczak ba su ƙwaci gonar kowa ba, kuma zalunci sunansa zalunci ko a kan wa ya faɗa.

Mu ma muna da fim ɗin yaƙi. Sarraounia na Med Hondo, daga littafin Abdoulaye Mamani, ya nuna ɓarnar Bule da Shanuwan ta 1899, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Amma a can mai laifi baƙo ne, kuma zagin baƙo ba ya da wuya. Abin da ƴan Polonya suka yi ya fi ɗaci, domin kuwa kakanninsu suka gurfanar.

Mu tuna, garuruwan nan namu ƴan gudun hijira suka raya su. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka zauna Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako iyaka, suna gudun ƴan bindiga, suka sauka a yankunan Gidan Rumji da Madarunfa. Tun kafin a buɗe musu matsuguni a Cadakori da Garin Kaka, talakawan ƙauye ne suka raba ɗaki da tsabar gero da su. Wannan abin alfahari ne, ya kuma cancanci a ɗauke shi a fim.

Sai dai akwai sauran tambayoyi. Ɗan kasuwar da ya ga mai gudu ya kawo saniyarsa ta ƙarshe, da farashin kasuwa ya saya ko da rabin kuɗi? Ma'aikacin da ke riƙe da takardar rabon taimako, sunan wa ya fara rubutawa? In an yi wa Fulani kuɗin goro a majalisa, ana cewa duk ɓarayi ne, wa ya buɗe baki ya ce shi ya san makiyayin da ke sayar masa da nono a Jiratawa shekara ashirin? A Polonya ma, maganar raini ta daɗe tana yawo a kasuwa kafin a kunna wuta.

Matasanmu na da kyamara a aljihu, tsofaffin da suka ga abin da idonsu kuma suna nan da ransu. Jedwabne ta jira shekara 71 kafin a fitar da Pokłosie, lokacin da yawancin shaidu sun riga sun kwanta dama. Kada mu jira haka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.