Manhajar Goyo: Ajiyar Nama a Hannun Wa?

Saƙon ya sake dawowa. Duk bayan 'yan watanni sai ya ɓullo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai da na ma'aikatan ofis, ɗauke da sunayen ƙananan manhajoji goma ko sha biyar, da alƙawarin cewa duk wanda ya ɗora su a burauzarsa kwamfutarsa za ta koma sabuwa fil, bincikensa kuma zai riƙa zaƙulo masa abin da Google ke ɓoye wa talaka. A ƙasa sai a rubuta cewa a tura wa 'yan'uwa. 'Yan'uwan kuwa ba sa ƙasa a gwiwa.

A wani shagon buga takardu da ke bakin ƙofar wata jami'a, wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta dire kwamfutarta a kan tebur tana mita: ta daina motsi, ga shi gobe za ta kai wa malaminta babi na biyu. Shafukan da ta bari a buɗe sun yi yawan da sunayensu suka ɓace, sai 'yan tambura a jere kamar haƙoran mataji. Fankar ciki sai huci take yi. Yaron shagon ya jawo kujera ya ce, "Anti, ai wannan ƙaramin aiki ne. Bari in sa miki wasu abubuwa, yanzu za ki ga tana tashi sama." Cikin minti biyar ya ɗora mata guda shida. Kowace ta fito da ɗan akwatin neman izini, kowace kuma ya danna mata amincewa kafin ido ya kai ƙarshen layin farko. Ta biya, har da godiya. Mai wannan rubutu yana gefe yana jiran fotokwafi, kuma wannan saurin dannawar ne ya tsaya masa a rai.

Burauza dai ita ce manhajar shiga intanet, irin su Chrome da Firefox da Edge. Ekstenshin kuwa 'yar manhaja ce da ake goya mata don ta ƙara mata wani aiki. A kira ta manhajar goyo. Tab shi ne kowane shafi da aka bari a buɗe.

Hujjar da aka fi kafawa idan an yi wa mutum magana ita ce: ai daga rumbun Google aka sauko da ita, ga taurari biyar, ga miliyoyin mutane na amfani da ita, ina matsalar take? Matsalar tana cikin akwatin nan da ba a karantawa. Abin da yawancinsu ke nema shi ne izinin karantawa da sauya bayanan mutum a duk shafin da ya ziyarta. Ma'ana akwatin imel, da shafin banki, da shafin rajistar makaranta, da abin da ya bincika da tsakar dare wanda ko matarsa bai faɗa wa ba. Wasu manhajojin ba za su iya aikinsu ba sai da wannan izini, gaskiya ne. Amma wanda ya bayar ya san makullin ɗaki ya miƙa.

Labarin The Great Suspender ya isa misali, don kuwa aikinta shi ne ainihin abin da ɗalibar nan ke nema. Tana kwantar da shafukan da aka jima ba a taɓa ba, don su daina cin ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, wato ram. Ta yi shekaru tana aiki lafiya lau, masu amfani da ita suka haura miliyan biyu. A watan Yunin 2020 wanda ya ƙirƙire ta, Dean Oemcke, ya sanar cewa ya sayar da ita ga wani da ba a bayyana sunansa ba. Bayan 'yan watanni masu bin diddigi suka lura an cusa mata wani sashe da ke karɓo umarni daga wata na'ura ta waje. Microsoft ta riga ta cire ta daga rumbun Edge, sannan a watan Fabrairun 2021 Google ta kashe ta a kwamfutocin mutane, ta ce tana ɗauke da muguwar manhaja. Mutane suka wayi gari shafukan da ta kwantar musu sun ɓace tare da ita, aka koma tonon tarihin burauza ana tsintar su ɗaya bayan ɗaya.

A nan hujjar taurari ta rushe. Taurarin nan tsohon mai ita aka ba, sabon ya gaje su tare da izinin da jama'a suka bayar tun shekarun baya. Manhajar goyo kuma da kanta take sabunta kanta, ba sallama, ba neman iso, muddin ba ta nemi ƙarin izini ba. Kamar mutum ne ya ba amintaccen maigadi makullin gida, da dare maigadin ya sayar da gurbinsa har da makullin, wanda ya saya kuma ya sa rigarsa ya zauna a bencinsa. Daga nesa ba abin da ya sauya.

Ba ita kaɗai ba ce. Stylish, wadda ake sauya wa shafuka kama da ita, ta koma hannun kamfanin SimilarWeb a farkon 2017, kuma a Yulin 2018 wani injiniya mai suna Robert Heaton ya nuna cewa tana aika adireshin kowane shafi da mutum ya buɗe zuwa kamfanin. Google da Mozilla, mai burauzar Firefox, suka cire ta. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne na Avast, kamfanin da sana'arsa ita ce kare kwamfuta. A Disambar 2019 Mozilla ta cire manhajojin goyonsa saboda kwasar bayanai, reshensa mai suna Jumpshot da ke sayar da bayanan aka rufe shi a Janairun 2020, sannan a 2024 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 16.5. Idan mai gadin kasuwa ya yi haka, me ake tsammani daga wata manhajar da ba a san ko sunan mai ita ba?

Masu da'awar gyara bincike su ne suka fi ban haushi. Da yawansu ba abin da suke yi illa sauya injin binciken mutum da nasu, su bi da shi ta wasu adireshi, su jera masa talla a sama, sannan su miƙo masa sakamakon da suka aro daga Bing ko Yahoo. Kowace dannawa kwabo ne a aljihunsu. Tsofaffin ma'abota gidajen kafe na intanet za su tuna da Ask Toolbar, wadda a da take biyo manhajar Java ta maƙale a saman burauza ba a gayyace ta ba. Sana'ar ce dai ta sauya riga. Babu wani ɓoyayyen Google na masu kuɗi da wata manhaja za ta buɗe wa kowa.

Batun gudu kuwa, kowace manhajar goyo ita ma ram take ci. Wanda ke shakka ya danna Shift da Esc a Chrome, zai ga jerin shafuka da manhajojin tare da abin da kowanne ya lamushe. Akwai sauran dalilan nauyin kwamfuta, kamar ƙarancin ram da tsohon faifai da ƙurar da ta toshe fanka, amma ba su ne zancen yau ba.

Abin takaicin shi ne yawancin abin da ake sayen kasada dominsa yana nan a cikin burauzar, kyauta. Aikin The Great Suspender yanzu Chrome na yi da kanta ta hanyar Memory Saver, wanda ake kunnawa a sashen saiti. Edge ta soma kwantar da shafuka tun farkon 2021. Tun 2020 ana iya haɗa shafuka rukuni-rukuni a Chrome, a ba kowane rukuni suna da launi, a naɗe shi idan ba a buƙatarsa: babi na biyu kore, neman aiki ja. Wanda shafi ya ɓace masa cikin tarin shafuka ya danna Ctrl da Shift da A ya rubuta kalma ɗaya daga sunansa. Wanda ya rufe shafi bisa kuskure, Ctrl da Shift da T za su dawo masa da shi. Ctrl da Shift da D kuwa suna adana duk shafukan da ke buɗe a jaka ɗaya, sai mutum ya rufe su ya huta. A Firefox, alamar % a akwatin adireshi tana bincika shafukan da ke buɗe, kuma tun 2025 ana iya jera su a gefen allo yadda sunayensu za su karantu.

Bincike ma dabara yake so. Jimlar da aka sa cikin alamar zance, Google zai nemo ta yadda aka rubuta ta. Wanda ya ƙara site:gov.ng zai samu sakamako daga shafukan gwamnatin Najeriya kaɗai, filetype:pdf kuma zai kawo takardu zalla, abin da ɗalibi ya fi buƙata. Alamar ragi a gaban kalma tana korar ta daga sakamakon.

Ba a ce duk manhajar goyo shara ce ba. uBlock Origin ta Raymond Hill tana toshe talla, kuma ga mai sayen data da gumin goshinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake sababbin ƙa'idojin Chrome sun sa cikakkiyarta ta fi zama daram a Firefox. Multi-Account Containers ta Mozilla ce da kanta, tana raba imel ɗin ofis da na gida a taga ɗaya. uBlacklist tana ɓoye shafukan da mutum ya gaji da gani a sakamakon bincike. Biyu ko uku sun isa, kuma kowace a san mai ita.

Wanda aka riga aka yi wa lodi ya rubuta chrome://extensions a akwatin adireshi, ko about:addons idan Firefox ce. Duk wadda bai tuna dalilin sa ta ba, ya cire, kada ya tsaya ga kashewa. Waɗanda suka rage ya shiga bayaninsu ya taƙaita izininsu, su riƙa aiki sai an danna su ko a wasu shafuka ƙididdigaggu. Sannan ya leƙa saitin injin bincike ya tabbatar wanda ya zaɓa ne ke nan. Idan wata ta taɓa zama abin zargi, a sauya kalmomin sirri, a fara da na imel, don ta nan ake dawo da sauran. Kwamfutar shago kuwa ba wurin buɗe banki ba ce, tunda ba wanda ya san abin da aka goya mata. Masu waya su sani Chrome ta Android ba ta ɗaukar manhajar goyo, don haka saƙon da ya ce a sauke wani abu don a ɗora mata, wata manhaja ce daban ake tallata musu. 

Ita kuwa OneTab, manhajar goyon da ke tattara duk shafuka ta mayar da su jeri ɗaya, tana da amfani ga mai shafi hamsin, amma jerin a cikinta yake zaune, ranar da aka cire ta ko aka wanke kwamfutar zai iya tafiya da ita. Tana da wurin fitar da adireshin duka. Mai rubuta kundin kammala karatu ya riƙa kwashe su duk ƙarshen mako, ya liƙa a takardar Word, ya tura wa kansa ta imel.