Yadda Sinadarai Ke Tafiya a Cikin Ƙarfe Mai Zafi

Ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta, ko da ya yi jawur, bai narke ba. Amma a cikinsa ƙwayoyin zarra suna ta kai-kawo, suna barin inda suka yi yawa zuwa inda suke da ƙaranci. Wannan tafiya ce take sa ƙarfe ya yi tauri ko laushi, kuma zafi da lokaci ne ke juya akalarta.

Ƙwayoyin baƙin ƙarfe a jere suke cikin tsari, da 'yan ƙananan gurabe a tsakaninsu. Ƙwayar kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, ƙarama ce ƙwarai, don haka takan ratsa ta waɗannan gurabe, kamar yadda yaro ke kutsawa tsakanin manya a cunkoson kasuwa. Su kuwa kuromiyam da nikel da manganis, girmansu ya yi kusa da na ƙwayar ƙarfen kanta. Ba sa matsawa sai gurbi ya buɗe a kusa da su, shi ya sa kabon ya fi su sauri nesa ba kusa ba.

Idan zafi ya kai digiri 912 a ma'aunin Salshiyos, tsantsar ƙarfe yakan sauya jerin ƙwayoyinsa zuwa wani tsari da ake kira ostenait. Tsarin farko ba ya ɗaukar kabon fiye da kashi 0.02 cikin ɗari, amma ostenait yana iya shanye kusan kashi 2. A kan wannan ne masu ƙera haƙoran giyar mota suka dogara. Sukan gasa giyar a zafin digiri 900 zuwa 950 cikin iska mai ɗauke da kabon na tsawon sa'o'i, har kabon ya shiga kimanin milimita 1 daga waje. Daga nan sai a tsoma ta cikin mai. Sanyin gaggawa yakan ritsa da kabon a inda yake, ya hana shi tafiya, sai bayan giyar ya yi taurin da ba ya cinyewa da wuri, cikinta kuma ya kasance mai jure duka ba tare da tsagewa ba.

A shekarar 1855 wani masani Bajamushe, Adolf Fick, ya fitar da ƙa'idar lissafin irin wannan tafiya. Abin da take nunawa shi ne, mai son ninka zurfin da kabon ya shiga sau 2, sai ya ninka lokacin gashi sau 4. Shi ya sa a garin Shafil na Ingila, a ƙarni na 18, akan jera sandunan ƙarfe cikin garin gawayi a rufe, a yi ta ba su wuta har mako guda ko fiye.

Bambancin sauri tsakanin sinadarai yana iya jawo ɓarna. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Yayin walda, gefen ɗinkin yakan daɗe a zafin digiri 500 zuwa 800. Kabon sai ya garzaya iyakokin da ke tsakanin gungu-gungun ƙwayoyin ƙarfen, ya haɗe da kuromiyam ɗin da ke wurin. Kuromiyam na nesa ba ya iya zuwa da wuri ya cike giɓin, sai tsatsa ta samu ƙofar shiga ta nan. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne rage kabon tun wurin narka ƙarfen. Nau'in da ake kira 304L kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba, kuma irinsa ake zaɓa wa tankuna da bututun da za a yi wa walda.