Wuta ta dawo Miri, amma uwar garke ta yi shiru

A ranar 21 ga Oktoban 2024 layukan wutar lantarki da suka taso daga Ugwuaji zuwa Apir suka katse, alhali layin Shiroro zuwa Kaduna na kwance tun bayan ɓarnar da aka yi masa. Bauchi da akasarin jihohin Arewa suka shiga duhu, sai ranar 30 ga watan kamfanin TCN ya sanar da gyara ɗaya daga cikin layukan. Kwana tara ke nan, kuma ba kowane batirin inbata ne zai kai ko kusa da haka ba.

Ga ma'aikacin tarayya da ke Abuja, iyalinsa kuma na Miri, a kan hanyar Jos daga cikin garin Bauchi, dawowar wuta ba ita ce ƙarshen damuwa ba. Wasu daga cikin irin waɗannan ma'aikata suna da wata 'yar kwamfuta a gida da ba a kashe ta, wadda masana ke kira uwar garke. A cikinta ake tara hotunan kyamarorin tsaro, da kwafin takardun fili, da lissafin shago, da hotunan iyali na shekara da shekaru. Daga ofis mai ita ke leƙa ta ta intanet. Sai a kira shi a ce JED ta kawo wuta, fanka na juyawa, firji na ƙara, shi kuwa ya nemi na'urarsa ya rasa. Tsakaninsa da ita tafiyar awa shida ce ko fiye.

Sau da yawa babu abin da ya lalace, na'urar ce kawai ba ta tashi ba. Yawancin kwamfutocin tebur an saita su tun daga masana'anta su zauna a kashe in wuta ta yanke ta dawo, har sai an danna maɓalli. Maganin yana cikin BIOS, a layin da galibi ake rubuta wa Restore on AC Power Loss, inda ake zaɓar Power On. Ko wanda ya riga ya yi wannan saiti bai tsira gaba ɗaya ba, domin ƙaramin batiri mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe da saitin a tsofaffin kwamfutoci. In ya tsufa, doguwar ɗaukewar wuta za ta ƙarasa shi, saiti ya koma yadda aka sayo na'urar, agogonta ma ya koma baya da shekaru. Agogo marar daidai kuwa kan sa a ƙi amincewa da takardun shaidar tsaro na intanet, ƙofa ta rufe.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu taka-tsantsan. Wanda ya haɗa uwar garke da UPS, ya kuma saita ta ta kashe kanta cikin natsuwa in batiri ya yi ƙasa, ya kyauta. To amma in wuta ta dawo kafin batirin ya ƙare ƙurmus, kwamfutar ba ta ga yankewar wuta ba ko na daƙiƙa guda, saboda haka umarnin tashi ba zai yi aiki ba. Sai an saita UPS ɗin shi ma ya yanke wutar da yake bayarwa bayan kwamfutar ta kwanta.

Idan wanda ke gida ya tabbatar fitilar gaban akwatin na ci, hankali sai ya koma kan rauta. Ita ke raba wa kowace na'ura a gidan lambar adireshi, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo. Uwar garken da ta riga ta tashi za ta nemi adireshi ta rasa, ko kuma daga baya a ba ta wani dabam da wanda aka san ta da shi. Sake kunna ta bayan rautar ta daidaita yakan warware matsalar nan take. Ware mata lamba ta dindindin a cikin rautar shi ke hana maimaituwa. Adireshin gidan na waje ma yakan sauya. Layukan intanet na kamfanonin waya, da ma Starlink da ya fara aiki a Najeriya a 2023, galibi suna haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi guda, shi ya sa ake dogaro da manhajojin rami irin su Tailscale. Ita ma tana da nata sharaɗin: mabuɗin na'ura kan ƙare bayan kwana 180, sai in an kashe wannan wa'adi.

In duk wannan bai yi ba, sai a nemi ƙane ko ɗa mai natsuwa ya jona allon talabijin da kibod, ya ɗauki hoton abin da ya bayyana ya turo ta WhatsApp. Hoton nan ya fi bayanin baki na rabin awa. A kwamfutar Linux, abin da aka fi gani shi ne ta tsaya a yanayin gaggawa, ko dai tana neman a duba faifanta da umarnin fsck saboda wuta ta yanke tana cikin rubutu, ko kuma tana jiran wani faifan waje da aka lissafa a fayil ɗin fstab bai amsa ba. Ƙara kalmar nofail a layin wannan faifan yana ba ta damar wucewa ko babu shi. Faifan da aka kulle da kalmar sirri kuwa zai yi ta jira har sai wani ya rubuta ta, a nan kuma mai na'ura zai yanke shawarar wanda ya amince wa a gidan. Raspberry Pi ta fi kowa rauni a nan, domin katin ajiyarta kan lalace in wuta ta yanke ba zato.

Abin da bai dace ba shi ne a sa yaro ya yi ta kashewa da kunnawa. Idan faifai ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa shi, a zare waya a bar shi har mai shi ko ƙwararre ya zo, domin kowace kunnawa tana iya cinye abin da ya rage. Haka nan wutar da ta dawo bayan dogon duhu takan zo da ƙarfi ko da rauni, saboda haka gara a jira mintoci kafin a jona, a kuma sa sitabilaiza a tsakani.

Mataimakan manyan jami'ai suna da ƙarin abin lura. Takardun ofis da bayanan jama'a ba na uwar garken gida ba ne, musamman bayan dokar kare bayanai ta 2023. Duk wanda ya riƙe kibod ranar gyara zai iya ganinsu. Sauran kayan, na iyali da na shago, su ma suna buƙatar kwafi na biyu a faifan da ke Abuja.

Kafin mai gida ya kama hanyar Jos bayan hutu, akwai gwaji na minti goma: a adana komai, a kashe wutar gidan daga babban makunni, a mayar, sannan a kashe Wi-Fi ɗin waya a nemi na'urar da data kamar daga ofis. In ta amsa ba tare da an taɓa ta ba, sai a liƙa wa akwatin takarda mai nuna maɓallin kunnawa da jerin abin da ake fara jonawa, rauta tukuna, sannan ita.