Kabad ɗin Kwali: Ƙofar da Ba Ta Shiga Ba, Gyara Take So

A watan Agustan 2024 kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya fara gwajin wata kasuwar gwanjo a biranen Madrid da Oslo, inda mutane ke sayar wa juna tsofaffin kayan kamfanin. Da labarin ya bazu, abin da aka fi ji shi ne, ai kayan da ke zuwa cikin kwali a harhaɗa su a gida ba su da rai biyu, wa zai sayi tsohonsu? Wannan magana ta nuna ba a fahimci inda gizo ke saƙar ba. Matsalar kabad ɗin kicin da aka ciro daga wani gida ba tsufa ba ce. Matsalar ita ce bangon sabon gida ba ya zuwa daidai da awon tsohon.

Tsarin kicin na METOD da kamfanin ke sayarwa a Turai yana zuwa ne da faɗi ƙayyadadde, kamar santimita 40 ko 60 ko 80. To, a ce tsakanin bango da murhun gas ya rage santimita 52. Na 60 ba zai shiga ba, na 40 kuma zai bar rami inda maiƙo da kyankyasai za su taru. A nan ne mai basira yake sayen ƙofar 60 ya rage ta, ko ya yanko sabuwar ƙofa daga babban allon da ake rufe gefen kabad da shi, tunda launinsu ɗaya.

Kafin mu zo kan zarto, ya kamata a san cewa wannan awo ba daga sama ya faɗo ba. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta zana ɗan ƙaramin kicin domin gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa bai kai mita 3 da rabi ba. Ta yi nazarin zirga-zirgar mai girki daga wurin wanki zuwa murhu, ta sa kowane abu inda hannu zai kai. An gina irinsa kusan 10,000. Wannan baiwar Allah, wadda 'yan Nazi suka ɗaure saboda adawa da su, ta rayu har shekarar 2000, amma cikin masu alfahari da kicin na zamani mutum nawa ne suka taɓa jin sunanta?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Jamus ta tashi sake gina garuruwanta da suka rushe, masana'antu suka daidaita kan wani awo: layin ƙananan huji masu faɗin milimita 5, tsakanin kowane biyu milimita 32. Aka kuma samu hinjin da ke ɓuya a bayan ƙofa, wanda kansa ke zama cikin rami mai faɗin milimita 35. Kamfanoni irin su Blum na Ostiriya da Hettich na Jamus suka yaɗa shi a duniya. Shi kuwa IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, ya shahara da saka kaya a kwali ne tun daga 1956, bayan ma'aikacinsa Gillis Lundgren ya cire wa wani teburi ƙafafu domin ya shiga mota. Darasin duka shi ne, kabad na zamani lissafi ne. Wanda ya san lissafin, kayan na hannunsa. Wanda bai sani ba, sai abin da kamfani ya ga dama. Shaida kuwa, da IKEA ya sauya tsohon tsarinsa na FAKTUM zuwa METOD, ƙofofin sabon ba su hau tsohon ba. Waɗanda suka san lissafin kuwa, har an samu kamfanoni kamar Superfront a Suwidin da Reform a Denmak da Semihandmade a Amurka, waɗanda suka fara sana'arsu da ƙera ƙofofin da za su hau jikin kabad ɗin IKEA.

Yanzu ga aikin. Yawancin waɗannan ƙofofi ba zallar katako ba ne, garin katako ne da aka cuɗa da gam aka danne, sannan aka lulluɓe shi da fata mai sheƙi. Ƙofa mai santsi ita ce mai sauƙin yanka. Mai ƙawanya a gefe kuwa, in ka rage ɓangare ɗaya sai ta karkace wa ido. Ka ga gwani yana aikin: zai manna salatif a kan layin, ya bi layin da wuƙa mai kaifi, sannan ya sa zarto mai ƙananan haƙora don kada fatar ta ɓare. Da yawa sukan yanke gefen hinji domin yankan ya ɓuya, sai su sake huda ramin milimita 35, suna kiyaye zurfinsa kada ya ɓullo ta fuskar ƙofar. Ana barin ratar kusan milimita 3 tsakanin ƙofa da ƙofa, shi ya sa ƙofar 60 ainihin faɗinta 59.7 ne. A kuma auna hujin jikin kabad ɗin, don ba kowane kamfani ke bin milimita 32 ba.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ran aikin. Bakin da aka yanka tamkar soso yake. Da zarar ruwa ko tururin tukunya ya taɓa shi, sai ya kumbura, kuma ba ya saɓewa har abada. Dole a goge shi da samfefa, a ɗora siririn tef ɗin rufe baki mai gam, a bi shi da dutsen guga mai zafi, a aske abin da ya fito. A sani kuma, duk abin da aka yanka ya fita daga garantin kamfani.

Wannan ba labarin Turai kaɗai ba ne. Ko da yake IKEA ba shi da kanti a Najeriya ko Nijar, irin wannan allo na garin katako, wato MDF, da wannan hinji su ne a hannun kafintocinmu na Kano da Kaduna da Maraɗi, kuma da su ake yi wa amare kabad ɗin kicin. Sau nawa muka ga ƙofar da ke ƙarƙashin famfo ta kumbura tun ba a yi sunan fari ba, don kawai an bar bakinta a buɗe? Uba ya ci bashi ya yi kayan ɗaki, ganganci ya cinye su. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yaran shago da ke yanka allon nan ba takunkumi a hanci, alhali hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya ƙurar katako da sinadarin fomaldihaid da ke cikin gam ɗin a jerin abubuwan da ke haddasa cutar.

Saboda haka ina kira ga kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin kafintoci su daina ɗaukar wannan ilimi a matsayin na wasu. A koya wa yara awo, a saya musu takunkumi. Kai kuma mai gida, kafin ka biya kuɗin aiki, buɗe kowace ƙofa ka shafa bakinta na ƙasa da yatsa. In ka ji garin katako, aikin bai ƙare ba. In kuma ƙofa ɗaya ce ta lalace, a gyara ɗayar, kada a ɓamɓare kicin gaba ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.