3.4 Dangantakar Madatsun Ruwan Kano da Tsuntsayen Dausayin Haɗeja-Nguru

Dausayin Haɗeja-Nguru yana tsakanin Jihar Jigawa da Jihar Yobe, wato a yankin da kogin Haɗeja da kogin Jama'are suke bazuwa cikin fadamu kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda yake zuba a Tafkin Chadi. Kogin Haɗeja kuwa asalinsa daga ƙasar Kano yake, domin haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa ce ta samar da shi. Saboda haka duk abin da aka yi wa ruwa a Kano, sai an ga tasirinsa a wannan dausayi.

Tsuntsayen da ake samu a nan iri biyu ne. Akwai 'yan gida, kamar dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela da gauraka. Akwai kuma baƙi, musamman ƙananan agwagin ruwa, waɗanda suke baro Turai da yammacin Asiya idan sanyi ya gabato, su ƙetaro Sahara su yi kaka da hunturu a nan. Don kare su ne aka fara shirin kula da dausayin a 1987, aka kuma sanya Dagona cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi a 1991. An sanya tafkin Nguru cikin wuraren Yarjejeniyar Ramsar a 2000, sannan Baturiya da Dagona a 2008.

To sai dai doka tana iya hana maharbi harbi, amma ba ta iya kawo ruwa. Rayuwar waɗannan tsuntsaye ta dogara ne ga ambaliyar damina, wadda take mamaye fili sannan ta ja da baya a hankali, ta bar laka da ƙananan kifaye da ƙwari da 'ya'yan ciyayi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuwa a 1992, domin noman rani irin na Kadawa da kuma samar da ruwan sha ga birnin Kano, har da unguwanni masu cunkoson jama'a kamar Fagge da Sabon Gari. Waɗannan madatsu, tare da farin shekarun 1970 da 1980, sun rage ambaliyar ƙwarai. A 1974 ruwa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 2,000, amma a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba.

Bugu da ƙari, madatsun sun sauya lokacin zuwan ruwan. A da kogi yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka riƙa sako ruwa har da rani, sai ciyawar kacalla ta sami inda za ta zauna, ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gefen ya zama ba ya rabuwa da ruwa, wani kuma ya bushe. Agwagin ruwa suna bukatar buɗaɗɗen ruwa marar zurfi, don haka kacalla ta ƙwace musu wurin kiwo. Ita kuma jan-baki, mai cinye gero da dawa da shinkafa, ta sami mafaka a cikinta, kuma feshin da ake yi mata yakan shafi wasu tsuntsayen.

Akwai kuma wasu matsalolin, kamar farauta da ɗana tarko da saran itatuwa domin girki da kyafa kifi. Amma daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa babbar barazanar tana ga yadda ake raba ruwa. Idan aka tsara sako ruwa daga Tiga da Challawa daidai da lokacin ambaliya, tsuntsaye za su amfana, haka ma masunta da makiyaya da manoman shinkafa, domin ruwa ɗaya suke jira.